Rudolf Duala Manga Bell, Sarkin da Ya Tsaya a Kan Alkawari

1. Sunan wata unguwa

A birnin Duwala akwai wata babbar unguwa da ake kira New Bell. Hausawa da yawa suna zaune a cikinta tun zamanin kakanni. Akwai masallatai da makarantun allo, akwai mahauta da teloli da ƴan tireda. Yaran Makèpè da na sauran unguwanni sukan je can gaida dangi, musamman ranar salla. Amma ba kowane yaro ne ya san inda sunan unguwar ya fito ba.

Bell sunan gidan sarauta ne. Ma'anar New Bell ita ce sabon garin mutanen Bell. Jamusawa ne suka shata wurin, don su mai da mutanen gidan Bell can, su karɓe filayensu na bakin kogi. Sarkin Bell na wannan lokaci ya ƙi yarda. Sunansa Rudolf Duala Manga Bell. Bai ɗauki bindiga ba, bai tara mayaƙa ba. Da takarda da alƙalami ya yi gardama, har ya rasa ransa a kan haka a shekarar 1914. Kafin a fahimci labarinsa, sai an san gidan da ya fito.

2. Mutanen bakin kogi

Duwalawa suna zaune ne a bakin kogin Wouri, kusa da inda yake shiga teku. Tun asali masunta ne, kuma gwanayen tuƙa kwalekwale. Tarihinsu na baka ya nuna cewa kakansu na farko shi ne Ewale ɗan Mbedi. Daga sunan Ewale aka samo sunan Duwala.

Wajen shekarar 1472 jiragen ruwan Turawan Fotugal suka iso bakin wannan kogi. Suka tarar da jatan lande da yawa a cikinsa, sai suka sa masa suna kogin jatan lande da harshensu. Daga kalmarsu ta jatan lande aka samo sunan Kamaru.

Da tafiya ta yi tafiya, sai ciniki ya ƙullu tsakanin Turawa da Duwalawa. Turawa suna tsayawa cikin jiragensu a kan ruwa. Duwalawa su ne dillalai. Sukan shiga cikin ƙasa da kwalekwale, su sayo hauren giwa da manja da ƙwarar manja, su kawo wa Turawa. Su kuma su karɓi yadi da gishiri da bindigogi da kayan ƙarfe. A zamanin cinikin bayi har da mutane aka sayar a wannan gaɓa, kafin a hana wannan mugun ciniki a ƙarni na 19. Kowane jirgi da ya zo yakan biya sarakunan garin kuɗin fito kafin ya fara saye da sayarwa. Ta haka sarakunan Duwala suka yi arziki da ƙarfi.

3. Salsalar gidan Bell

Duwalawa ba sarki ɗaya gare su ba. Sun kasu manyan gidaje huɗu: Bell, da Akwa, da Deido, da Bonaberi a tsallaken kogi. Har yau waɗannan sunaye suna nan a kan unguwannin birnin. Gidan Bell da gidan Akwa su ne suka fi ƙarfi, kuma sun daɗe suna gasa da juna.

Wanda ya kafa gidan Bell shi ne Bele ɗan Doo, wanda ya yi zamani a ƙarshen ƙarni na 18. Turawan Ingila ba su iya faɗin sunansa daidai ba, sai suka riƙa ce masa Bell. Sunan ya bi zuriyarsa duka.

Duwalawa suna da wata al'ada mai sauƙaƙa riƙe salsala. Mutum yakan haɗa sunansa da na mahaifinsa, kamar yadda Bahaushe yake cewa Audu ɗan Musa. Ku duba yadda sunayen suke bin juna kamar sarƙa:

Bele ya haifi Bebe, aka ce Bebe Bele.
Bebe ya haifi Lobe, aka ce Lobe Bebe.
Lobe ya haifi Ndumbe, aka ce Ndumbe Lobe.
Ndumbe ya haifi Manga, aka ce Manga Ndumbe.
Manga ya haifi Duala, aka ce Duala Manga.

Wannan na ƙarshe shi ne mai labarinmu. Rudolf sunansa ne na addinin Kirista. Kakansa, Ndumbe Lobe Bell, ya hau sarauta a 1858, ya yi shekara 39 yana mulki. A zamaninsa ne babban al'amari ya faru, wanda ya canza tarihin Kamaru baki ɗaya.

4. Takardar 1884

A wancan zamani ƙasashen Turai suna rububin ƙasashen Afirka. Sarakunan Duwala sun fi sabawa da Ingilishi. Har sun rubuta wasiƙu zuwa Ingila a 1879 da 1881, suna neman ta ɗauki nauyin tsaron garinsu, domin rigingimu sun yi yawa tsakanin gidajen. Ingila ta yi jinkirin amsawa. Jamusawa kuwa suna da kamfanonin ciniki biyu daga birnin Hamburg a bakin kogin. Suka yi maza suka shiga gaba.

Ranar 12 ga Yuli 1884, Sarki Ndumbe Lobe Bell da Sarki Dika Mpondo Akwa da wasu manyan gari suka sa hannu a kan yarjejeniya da wakilan kamfanonin nan. Bayan kwana biyu, wakilin gwamnatin Jamus, Gustav Nachtigal, ya ɗaga tutar ƙasarsa a Duwala. Da jakadan Ingila ya iso bayan ƴan kwanaki, ya tarar an riga an gama.

A cikin takardar, sarakunan sun miƙa wa Jamus ikon mulki da shari'a. Amma sun gindaya sharuɗɗa. Mafi girma a cikinsu shi ne na ƙasa: gonakin da mutane suke nomawa da filayen da aka gina garuruwa a kansu za su ci gaba da zama mallakar masu su, da ƴaƴansu, da jikokinsu. Ku riƙe wannan sharaɗi da kyau, domin a kansa duk labarin ya rataya.

Ba kowa ne ya yarda da takardar ba. Lock Priso, shugaban Bonaberi, ya ƙi sa hannu. A watan Disamba na wannan shekara jiragen yaƙin Jamus suka yi wa garinsa ruwan wuta, suka ƙone shi.

Irin wannan hali ya faru a wurare da yawa na duniya. A ƙasar Indiya, Ingilishi sun bar masarautu fiye da 500 da sarakunansu, amma a ƙarƙashin yarjejeniya, har zuwa 1947. A ƙasar Hausa kuwa da yaƙi suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sannan suka naɗa sarakunan da za su yi aiki da su. Duwala ba da yaƙi aka same ta ba. Da alkawari aka shiga, kuma Duwalawa ba su taɓa mantawa da haka ba.

5. Ɗan sarki a makarantar Jamus

An haifi Rudolf Duala Manga Bell a Duwala wajen 1873. Wato yana ɗan shekara goma sha ɗaya lokacin da kakansa ya sa hannu a takardar. Mahaifinsa, Manga Ndumbe, ya yi karatu a Ingila. Da Jamusawa suka zama masu mulki, sai gidan ya ga ya kamata magajin gobe ya san harshensu da halinsu.

A 1891 aka sa Rudolf a jirgin ruwa zuwa Jamus. Ya sauka a wani ƙaramin gari mai suna Aalen, a kudancin ƙasar, a gidan wani malamin makaranta. Daga baya ya ci gaba da karatu a birnin Ulm. Ya sha sanyin da bai taɓa sani ba, ya ci abincin da bai saba da shi ba, ya yi nisa da iyayensa. Amma ya dage. Ya iya Jamusanci kamar ɗan ƙasa, yana karantawa yana rubutawa. Ya kuma lura da wani abu: a Jamus akwai kotuna, akwai jaridu, akwai majalisar dokoki, kuma ko talaka yana iya kai ƙara idan an taɓa haƙƙinsa.

Bayan kimanin shekara biyar ya komo gida. Ya auri Emily Engome Dayas, wadda mahaifinta ɗan kasuwa ne Bature ɗan Ingila, mahaifiyarta kuma Baduwala. A 1897 suka haifi ɗansu na fari, Alexandre. A wannan shekara ce kuma kakansa Ndumbe Lobe ya rasu, mahaifinsa Manga Ndumbe ya hau gadon sarauta.

6. Zamanin mahaifinsa

Manga Ndumbe mutum ne mai hangen nesa. Ya ga Jamusawa sun fara shiga cikin ƙasa da kansu, sun daina bukatar dillalai. Sai ya juya ga noma. Ya buɗe manyan gonakin koko a bakin kogin Mungo. Da arzikinsa ya gina wata babbar fada a Bonanjo a 1905. Rufinta hawa hawa ne, shi ya sa ake ce mata La Pagode. Tana nan tsaye har yau, kuma duk wanda ya je Bonanjo yana iya ganinta.

Garin ma yana ta canzawa. A 1901 aka mai da hedkwatar mulki zuwa Buea, a gindin dutsen Kamaru, amma Duwala ta ci gaba da zama babbar tashar jiragen ruwa. Aka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Wadda ta tashi daga Bonaberi ta isa Nkongsamba a 1911. Fatake daga arewa, har da Hausawa masu bin hanyar Ngaundare da Banyo da Fumban, suka fara isowa bakin teku da hajarsu.

Amma mulkin Jamus yana da tsanani. Akwai aikin tilas, akwai bulala, akwai haraji. A 1902 Manga Ndumbe ya tafi Berlin don ya kai kukan mutanensa, Rudolf yana tare da shi. A can Rudolf ya ga yadda ofisoshin gwamnati suke aiki, ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. A 1905 manyan gidan Akwa suka rubuta wa majalisar Jamus ƙarar gwamna Jesko von Puttkamer. Aka kama su aka ɗaure. Duk da haka ƙarar ta yi tasiri, domin daga baya an cire gwamnan. Rudolf ya koyi darasi biyu daga wannan: takarda tana iya kai wa ga nasara, kuma mai rubuta ta yana iya shan wuya.

Manga Ndumbe ya rasu a watan Satumba 1908. Rudolf ya gaje shi, aka yi bikin naɗinsa a 1910. A farkon mulkinsa yana zaman lafiya da Jamusawa. Suna biyansa albashi, suna ganinsa a matsayin nasu.

7. Shirin tashin gari

A 1910 jami'in Jamus mai kula da Duwala, Hermann Röhm, ya fito da wani shiri. Yana so a tashi Duwalawa duka daga bakin kogi, a bar wurin ga Turawa kaɗai, da ofisoshinsu da kantunansu da tashar jiragensu. Filin da za a karɓe ya kai kimanin hekta 900. Za a mai da mutane can ciki, a sababbin unguwanni uku: sabuwar Bell, sabuwar Akwa, sabuwar Deido. Tsakanin garin Turawa da na baƙar fata za a bar fili mai faɗin kilomita ɗaya, wanda ba mai gina komai a cikinsa.

Dalilin da aka bayar shi ne kiwon lafiya. Likitocin gwamnati suka ce zama kusa da ƴan ƙasa ne yake sa Turawa kamuwa da zazzaɓin cizon sauro. Amma Turawan garin ƴan ɗaruruwa ne kawai, Duwalawa kuwa dubbai. Kuma kowa ya san filayen bakin kogi za su yi tsada idan tashar jiragen ruwa ta girma. Diyyar da aka yi tayi kuwa ƴar kaɗan ce ƙwarai, ba ta kai darajar filin ba.

Ga Baduwale, barin bakin kogi ba ƙaramin abu ba ne. A can kwalekwalensa yake, a can yake kamun kifi, a can kaburburan iyayensa suke. Wurin da za a kai shi kuma yana da fadama da sauro, ga nisa da ruwa. Raba masunci da kogi kamar raba makiyayi da shanunsa ne.

8. Yaƙin alƙalami

Rudolf ya tuna da takardar da kakansa ya sa wa hannu. Hujjarsa a fili take. Jamus ta shiga Duwala ne bisa yarjejeniyar 1884. Yarjejeniyar ta ce filayen gari na masu su ne da zuriyarsu. Idan Jamus ta karya wannan sharaɗi, to ta karya abin da ya ba ta ikon zama a ƙasar.

Abu na farko da ya yi shi ne haɗa kan gidajen huɗu. Bell da Akwa sun daɗe ba sa jituwa, kuma Jamusawa sun saba amfani da wannan saɓani. Wannan karo sai suka tsaya tare, suka ɗora Rudolf a gaba ya yi magana da yawunsu.

A watan Nuwamba 1911 suka aika da takardar koke zuwa majalisar dokokin Jamus. Suka sake aikawa a watan Maris 1912. Rudolf ya rubuta da Jamusanci mai kyau, cikin ladabi, yana jera hujjoji ɗaya bayan ɗaya. A watan Janairu 1913 ya buga waya zuwa majalisar, amma jami'an Duwala suka tsare saƙon na ƴan kwanaki, har aka riga aka zartar da umarnin ƙwace filayen. Aka fara rushe gidaje a Bonanjo.

Gwamna Karl Ebermaier ya matsa wa Rudolf ya janye. Ya ƙi. A watan Agusta 1913 aka tuɓe shi daga sarauta, aka yanke albashinsa. Da ya yi shiru a nan, da watakila ya tsira da ransa da dukiyarsa. Amma mutanensa ba su daina ganinsa a matsayin shugabansu ba, shi ma bai daina aikin da suka ɗora masa ba.

An hana Duwalawa aika wakili zuwa Jamus. Sai Rudolf ya tura magatakardansa, wani saurayi mai suna Adolf Ngoso Din, a ɓoye. Ngoso Din ya isa Berlin, ya sadu da lauyoyi da ƴan jarida da ƴan majalisa. Maganar Duwala ta fito a jaridun Jamus. A watan Maris 1914 wani kwamitin majalisar ya dakatar da kuɗin da aka ware don aikin tashin garin. Wannan babbar nasara ce: mutanen da ake mulka sun sa majalisar masu mulkinsu ta saurare su.

9. Zargi da hukunci

Nasarar ba ta daɗe ba. Jami'an mulkin mallaka sun ji kunya, kuma sun fusata. Suna neman hanyar da za su rufe bakin Rudolf, sai ga wani labari daga Fumban. Aka ce wani manzo ya je wurin Sarki Njoya na Bamun da sunan Rudolf, yana neman goyon baya don a juya wa Jamus baya. Labarin ya isa kunnen hukuma. Nan da nan aka zargi Rudolf da cin amanar ƙasa. A watan Mayu 1914 aka kama shi a Duwala. Aka kama Ngoso Din a Berlin, aka komo da shi Kamaru a ɗaure. Majalisar Jamus kuma ta saki kuɗin da ta riƙe.

Suna tsare sai Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a ƙarshen watan Yuli. Jamus ta shiga yaƙi da Faransa da Ingila. Hukumar Duwala ta ji tsoron farmaki daga teku, ta yi gaggawar gama shari'ar. Ranar 7 ga Agusta aka gurfanar da su biyun, aka yanke musu hukuncin kisa a ranar. Lauyoyinsu na Jamus ba su halarta ba. Masana tarihi da yawa suna ganin hujjar da aka kawo ba ta da ƙarfi. Shugabannin mishan na garin, har da Bishop Heinrich Vieter na Katolika, sun roƙi gwamna ya yi sassauci. Bai karɓa ba.

Ranar 8 ga Agusta 1914 aka rataye Rudolf Duala Manga Bell da Adolf Ngoso Din a Bonanjo. Rudolf bai wuce shekara arba'in da ƴan kai ba. A wannan rana kuma, a garin Ebolowa na kudu, Jamusawa suka harbe wani shugaba, Martin Paul Samba.

Mulkin Jamus a Duwala bai ƙara wata biyu ba. Ranar 27 ga Satumba 1914 sojojin Ingila da Faransa suka kama birnin. A watan Fabrairu 1916 sauran sojojin Jamus da ke kan dutsen Mora, a arewa, suka miƙa wuya. Aka raba Kamaru biyu: babban kaso ga Faransa, ƙaramin kaso ga Ingila.

10. Abin da ya biyo baya

Duwalawa sun sa rai Faransa za ta mayar musu da filayensu. Ba ta mayar da na Bonanjo ba, ta riƙe su don ofisoshinta. Amma Akwa da Deido ba a tashe su ba. Mutanen Bell kuwa ba su yarda su dawwama a New Bell ba. A shekarun 1920 aka ba su unguwar Bali, kusa da tsohon garinsu.

Sai New Bell ta zama masaukin baƙi. Masu neman aiki a tashar jiragen ruwa da ta jirgin ƙasa suka yi ta zuwa: Basa, da Bamileke, da Ewondo, da mutanen wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Hausawa ma suka kafa unguwarsu, da sarkinsu da limaminsu, suna fataucin goro da shanu da tufafi. Kafin Kamaru ta sami ƴancin kai ranar 1 ga Janairu 1960, baƙi sun fi Duwalawa yawa a birnin. Wato unguwar da aka shata don raba mutane ta zama wurin da ƙabilu da yawa suka haɗu.

Gidan Bell bai mutu ba. Alexandre, ɗan Rudolf na fari, wanda ya girma a Jamus, ya komo Duwala a 1919. Bisa al'adar gidan ana kiransa Ndumbe Duala. An zaɓe shi wakilin Kamaru a majalisar Faransa a 1945, ya zauna a can har 1958. Ya riƙe sarautar Bell har rasuwarsa a 1966. René Douala Manga Bell ya gaje shi, ya yi sarauta har 2012.

Duwalawa suna kiran Rudolf Tet'Ekombo, wato uban ƙasa. A 1936 aka kafa masa hasumiyar tunawa a Bonanjo. Kowace shekara, ranar 8 ga Agusta, mutane sukan taru su tuna da shi da Ngoso Din. A Jamus ma an waiwayi labarinsa. A 2022 birnin Ulm, inda ya yi karatu, ya sa wa wani dandali sunansa. A ƙarshen wannan shekara, a Berlin, aka canza sunan wani dandali da ke ɗauke da sunan Nachtigal, mutumin da ya ɗaga tutar Jamus a Duwala. Aka sa masa sunan Manga Bell, don girmama Rudolf da matarsa Emily.

Hausawa sukan ce alkawari kaya ne. Kakan Rudolf ya karɓi alkawari a rubuce a 1884. Bayan shekara 30 jikansa ya tsaya ya nemi a cika shi, a lokacin da yin shiru ya fi sauƙi. Ilmin da ya samo a makarantar Jamusawa da shi ya kare mutanensa a gaban Jamusawa.

Ma'anar kalmomi

salsala: jerin iyaye da kakanni na gida ɗaya
yarjejeniya: abin da ɓangarori biyu suka amince da shi, suka sa hannu
sharaɗi: abin da dole a cika kafin alkawari ya tsaya
diyya: kuɗin da ake biyan wanda aka karɓi abinsa ko aka yi masa ɓarna
magatakarda: mai rubuta wa sarki wasiƙu
hekta: fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100

Tambayoyi

1. Mece ce ma'anar sunan New Bell? Su wa suka shata unguwar, kuma don me?
2. Ku faɗi manyan gidajen Duwalawa huɗu.
3. Ku jera sarakunan gidan Bell daga Bele har zuwa Rudolf.
4. Wane sharaɗi ne mafi girma a cikin yarjejeniyar 1884?
5. Me ya sa barin bakin kogi ya yi wa Duwalawa wuya?
6. Wane aiki Ngoso Din ya yi a Berlin?
7. Shekara nawa ne tsakanin sa hannu a yarjejeniyar da rasuwar Rudolf?

Aiki

Ku tambayi iyayenku ko kakanninku sunayen magabatanku. Ku rubuta salsalar gidanku kamar yadda aka rubuta ta gidan Bell. Ku tambaya kuma daga wane gari kakanninku suka zo Duwala, da hanyar da suka biyo. Ku rubuta amsar da Hausa, sannan ku mai da ita Faransanci.